Tarkon Wasiƙa: Me Ake Nufi da Shi, Kuma Ina Ake Ɗana Shi?



Malam shugaban wannan zama, iyayenmu da malamanmu da suka bar hidimominsu suka zo, ƙannena maza da mata masu koyon rubuta manhaja, na nan Gantsa da na Buji, da waɗanda suka taso daga Ahoto da Kawaya da Kukuma, da baƙinmu na Dutse da Birnin Kudu, barkanku da war haka. Na gode da wannan gayyata, na kuma gode da ruwan sanyin da aka tarbe ni da shi.

Abin da aka ce in yi magana a kai ƙarami ne a baki. Kalma ce guda da masu rubuta manhaja suke yawan faɗa a tsakaninsu, wadda ni nake kira da Hausa tarkon wasiƙa. Wani zai ce, duk matsalolin da ke gabanmu, na wuta da na tsadar data, sai a tara mutane a kan kalma ɗaya? To ku ba ni aron kunnuwanku. Na san mutumin da ya kusa rasa aikinsa saboda bai san wannan kalma ba, kuma mutumin nan shi ne yake tsaye a gabanku.

Na farko: ina matsalar ta fito?

Kusan kowace manhaja da za ku rubuta wa mutane sai ta yi aike. Ɗalibi ya yi rajista, a tura masa saƙon tabbatarwa. Ya manta kalmar sirri, a tura masa mahaɗin da zai sabunta ta. An biya kuɗin makaranta, a tura rasit. Duk wanda ya taɓa cike fom ɗin JAMB ko ya yi rajistar bautar ƙasa ya san cewa adireshin imel ya zama kamar lambar gida, in babu shi takarda ba ta iso ka. Shi kuma mai rubuta manhaja dole ya gwada wannan aike kafin ya miƙa aiki. Yana so ya gani: saƙon ya fita? Sunan mutum ya zauna inda ya dace? Adadin kuɗin daidai ne? Mahaɗin yana buɗewa?

A nan gizo ke saƙa. Kwamfuta ba ta san wasa ba. In ka ce mata aika, aikawa za ta yi, ko da a ranka gwaji kake nufi.

Shekarun baya na yi wa wata makaranta aiki, ba zan faɗi sunanta ba. Manhaja ce da za ta sanar da iyaye sakamakon jarrabawar shiga aji ɗaya. Don in ga yadda abin zai yi da bayanai masu yawa, sai na kwafo ainihin jerin sunayen iyayen na zuba a kwamfutata. Na rubuta saƙon gwaji mai cewa an ɗauki ɗanka, na danna, na tashi na tafi sallar la'asar hankalina kwance. Kafin in dawo wayar shugaban makarantar ta ɗau zafi. Iyayen da 'ya'yansu ba su ci ba sun ga saƙon taya murna, har wani uba ya riga ya kai wa tela yadin yunifom. Washegari da bakina na bi ina ba da haƙuri. Har yau in na tuna fuskar wannan dattijo, da yadda ya ce mini “ba komai, ɗana,” sai in ji gara ma a ce ya zage ni.

Kada ku ɗauka mu ƙanana ne kawai muke wannan kwaɓa. A watan Yunin 2021 kamfanin HBO Max na Amurka, mai nuna fina-finai ta intanet, ya tura wa ɗimbin masu hulɗa da shi wani saƙo da kusan babu komai a cikinsa, mai take da ke nuna cewa saƙon gwaji ne na ɗaya. Daga baya suka fito a Twitter suka ce wani ɗan koyon aiki ne ya yi kuskuren. Duniya ta yi dariya ta wuce, don saƙon bai cutar da kowa ba. Amma a ranar 13 ga Janairun 2018, a jihar Hawaii, ana cikin atisaye wani ma'aikaci ya saki gargaɗin cewa makami mai linzami yana tafe, gargaɗin ya shiga wayoyin jama'a da rediyo da talabijin. Sai da aka yi minti 38 kafin a aika gyara. Wannan ba imel ba ne, amma ciwon ɗaya ne: babu katanga tsakanin filin gwaji da gidajen mutane.

Na biyu: mene ne tarkon, kuma yaya yake aiki?

Bari in ɗan koma baya, don sai an san hanya ake sanin inda za a tare ta. Ƙa'idar da imel yake tafiya a kanta sunanta SMTP. Jon Postel ne ya wallafa ta a 1982, aka sabunta ta a 2001 da 2008, amma ƙashin bayanta bai sauya ba. Hira ce tsakanin kwamfuta biyu. Manhajarka ta ƙwanƙwasa ƙofar uwar garke, wato saba mai karɓar wasiƙu, ta yi sallama. Ta ce wasiƙa ce daga wane. Ta ce za a kai wa wane. Ta miƙa abin da ke ciki. A kowane mataki uwar garken tana amsawa da lamba, in ta ce 250 to ta karɓa ke nan. Daga nan manhajarka ta juya ta tafi, ba ta bin sawu.

Iyayenmu da ke nan sun san irin wannan tun kafin a haifi wayar hannu. Ka rubuta takarda zuwa Kano, ka kai tasha, ka ba ɗan kamasho, ya ce “na karɓa, motar farko za ta tafi da ita.” Kai dai ka koma gida. To ku ƙaddara an sami wani ɗan kamasho na musamman. Rigarsa irin ta sauran, amsarsa irin tasu, kowa ya miƙo takarda ya ce na karɓa. Amma ba ya ba kowane direba. Yana da akwati a ƙarƙashin benci, nan yake jera su, in ka dawo ya buɗe maka ka karanta ka ga ko ka yi kuskure. Wannan ɗan kamasho shi ne tarkon wasiƙa: uwar garke ta bogi, mai amsa 250 ga duk abin da aka miƙo mata, ba ta kuma isar da ko ɗaya.

Abin da ya sa dabarar ta yi kyau shi ne ba ka taɓa jikin manhajarka ba. Layi biyu kake sauyawa a fayil ɗin saiti: sunan uwar garke da lambar ƙofa. Imel na gaske yakan bi ta ƙofa mai lamba 25 ko 587 ko 465. Yawancin tarkunan suna sauraro a ƙofa ta 1025. Sai ka buɗe burauza, ka shiga wata ƙofar daban, ka tarar da akwati kamar na Gmail, duk saƙonnin da manhajarka ta ɗauka ta aika suna jere a ciki. Wanda aka rubuta wa shugaban makaranta, da na iyaye, da na ɗalibai, duk wuri guda, babu wanda ya tsallake ɗakinka.

Sunayen kayan aikin da za ku ci karo da su ga su. Akwai MailCatcher, wadda Samuel Cochran ya rubuta da yaren Ruby, ita akwatinta yana ƙofa ta 1080. Akwai MailHog ta Ian Kent, a ƙofa ta 8025, ta yi tashe sosai amma an daɗe ba a kula da ita ba. Sai Mailpit, wadda ta gaje ta har da lambobin ƙofofinta. Akwai smtp4dev ga masu aiki da kayan Microsoft. Sannan akwai Mailtrap ta kamfanin Railsware, wadda aka fara a 2011, ita ba a kwamfutarka take zaune ba, a intanet take. Masu ita da kansu sukan ba da labarin cewa sun ƙirƙire ta ne bayan sun aika wa mutanen gaske saƙonnin gwaji bisa kuskure. Kun ga ashe ba ni kaɗai ba ne.

In kuka tambaye ni wacce za ku ɗauka a nan Buji, zan ce Mailpit. Fayil ɗaya ce, ka sauke ta sau ɗaya, tana aiki ko babu intanet, ba ta cin data, ba ta neman kuɗin wata. Wanda yake lissafin cajin batir kafin a ɗauke wuta ya san darajar wannan.

Na uku: sunan kansa, da abubuwan da ake rikita shi da su.

Wannan shi ne gundarin abin da aka gayyace ni a kai, don haka zan ɗan daɗe a nan. Turawa ba su tsaya a kan suna ɗaya ba. Wasu sun kira abin da kalmar da ke nufin tarko, daga nan sunan Mailtrap ya fito. Wasu sun ce mai cafkewa, shi ne MailCatcher. Wasu sun ce rami, shi ne Mailpit. Har ta kai sunan kaya ya zama sunan aiki, kamar yadda muke ce wa kowane garin sabulu Omo, kowane sinadarin miya Maggi. Za ka ji mai rubuta manhaja ya ce a tura saƙon Mailtrap, alhali wata manhaja daban yake amfani da ita.

Da na zo neman kalmar Hausa na yi ta juyawa. Tarko a wurinmu abin kama ɓera ne ko gafiya ko tsuntsu, kuma abin da ya faɗa ciki ba ya fita da daɗi. Na yi tunanin akurki, tunda shi tsare kaza yake yi don kada ta shiga gonar maƙwabci, ba don a cutar da ita ba, kuma a ma'ana ya fi dacewa. Amma gwada cewa “akurkin wasiƙa” a gaban mutane ka gani, dariya za ta hana a ji sauran bayanin. Na koma kan tarko saboda dalili ɗaya: tarko ɗana shi ake yi a kan hanya, tun kafin abin ya zo. Ba a ɗana tarko bayan gafiya ta wuce. In akwai wanda yake da kalmar da ta fi, malaman Hausa suna cikinmu, ina maraba.

Sai dai akwai abubuwa da suke kama da shi waɗanda ba shi ba ne. Akwai uwar garken da take karɓar saƙo ta zubar nan take, ba ta ajiye komai. Wannan kwatami ne, ba tarko ba. Ana amfani da shi in ana son a gwada ko manhaja za ta iya aika dubban saƙonni ba ta gaji ba, inda ba a damu da karanta su ba. Akwai kuma adireshin tattara-duka, wanda kamfani yake buɗewa don duk wasiƙar da aka aiko da sunan da babu shi ta faɗa ciki. Wannan yana tare masu shigowa ne, namu kuwa masu fita yake tarewa. Sannan akwai tarkon masu saƙon shara: adireshin da ƙungiyoyi irin su Spamhaus suke binnewa a intanet, ba na kowa ba ne, duk wanda ya aika masa saƙo an gane yana aike barkatai, sai a sa shi a baƙin littafi. Sunan ya yi kama, aikin ya sha bamban. Shi wannan tarkon mutum yake kamawa, namu kuwa saƙo.

Abu mafi muhimmanci kuma, ina roƙon ku riƙe shi. Tarkon wasiƙa ba leƙen asiri ba ne. Saƙon da kake tarewa naka ne, kai ka ƙirƙire shi, daga kwamfutarka ya fito. Tare wasiƙar wani a hanya don ka karanta laifi ne a dokar laifukan intanet ta Nijeriya ta 2015, kuma tun kafin dokar addininmu ya hana bin diddigin sirrin mutane. In wani ya zo ya ce ka koya masa “tare imel” don ya ga abin da matarsa ko abokin kasuwancinsa yake rubutawa, ka ce masa ya yi ɓatan kai, ba nan ba ne.

Na huɗu: abin da tarkon zai nuna wa Bahaushe musamman.

Ga wani abu da littattafan waje ba za su dame ku da shi ba. SMTP an gina ta ne a kan haruffan Ingilishi zalla. Sai a 1992 aka fito da ƙarin ƙa'ida mai suna MIME da ta buɗe hanya ga sauran haruffa da hotuna da fayiloli. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba sa cikin na asali. In ba ka saita saƙonka a tsarin UTF-8 ba, Ɗanladi zai iso a matsayin alamar tambaya da “anladi”, ko wasu ƙwarangwal da ba mai iya karantawa. Kuma kun san a Hausa lanƙwasar nan ba ado ba ce. Bari daban, ɓari daban. Kafa daban, ƙafa daban. A cikin tarko za ka buɗe saƙon, ka duba take, ka duba jiki, har ka ga ɗanyen rubutun yadda ya fita. Ku riƙa sa sunaye masu waɗannan haruffa a bayanan gwajinku da gangan. In kun gwada da Musa da Aisha kawai, ba za ku ga matsalar ba sai ranar da Ɓaidu ya yi rajista.

Na san wani zai ce, mutanenmu ai tes suka fi karantawa, ba imel ba. Gaskiya ne, manomin riɗi a Kukuma ta tes za ka same shi. Amma darasin bai sauya ba. Kamfanonin aika tes irin su Africa's Talking da Twilio suna da filin gwaji inda saƙo ba ya zuwa wayar kowa, Paystack ma tana da makullan gwaji da ba sa taɓa kuɗin gaske. A tes ma akwai abin lura: saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da ka sa ƙ ko ɗ guda ɗaya sai ya koma 70, kuɗin aike ya ninka. Gara ka gano haka a filin gwaji da ka gano shi a takardar biyan kuɗi.

Na biyar: inda tarkon ba ya kai.

Ba na so ku fita nan kuna ganin an ba ku maganin kowace cuta. Tarko zai nuna maka abin da ka aika, ba zai gaya maka ko Gmail za ta karɓa ko za ta jefa shi jakar shara ba. Wannan ya danganta da wasu shaidu da ake kafawa a sunan shafinka, SPF da DKIM da DMARC, waɗanda Google da Yahoo suka tsaurara a kansu tun Fabrairun 2024, musamman ga masu aike da yawa. Wannan laccar wata rana ce.

Akwai kuma kuskuren da yake kishiyar nawa. Ka gama aiki, ka ɗora manhaja ta fara yi wa jama'a hidima, ka manta ba ka kwance tarkon ba. Ɗalibai suna ta neman sabunta kalmar sirri, manhaja tana cewa an aika, babu abin da ya iso. Wannan ya fi wuyar ganewa, don ba wanda zai kira ka da ihu, sai dai mutane su gaji su daina zuwa. Maganinsa, ranar da ka ɗora aiki ka yi rajista da adireshinka na gaske, ka jira saƙo ya shigo wayarka kafin ka tashi daga kujera.

Sai batun bayanan mutane. Laifina a labarin da na ba ku biyu ne, ba ɗaya ba. Rashin tarko ɗaya. Kwafo ainihin sunayen iyaye zuwa kwamfutata shi ne na biyu, kuma a yau shi ya fi nauyi. Tun watan Yunin 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, da hukuma mai kula da ita. Yawancin tarkunan nan in ka kunna su ba sa neman kalmar sirri. In ka ɗora ɗaya a uwar garken da ke buɗe ga duniya, cike da sunaye da lambobin mutanen gaske, ka shanya sirrinsu a bakin titi. In kuma ka yi amfani da tarkon da ke intanet, ka sani bayanan sun bar ƙasar. Don haka ku ƙirƙiri sunayen bogi. Kuma kada ku ƙago adireshi da ka, irin su musa a gmail, domin akwai wani Musa na gaske da yake da shi. Tun 1999 aka keɓe example.com da duk sunan da ya ƙare da .test ko .invalid don irin wannan aiki, ba a sayar wa kowa su.

Malam shugaba, ina ganin kana duba agogo, saura kaɗan.

Jihar nan ba baƙuwa ba ce a harkar kwamfuta. Tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki aka buɗe cibiyar koyar da ita a Kazaure, lokacin da jihohi da yawa ba su farka ba. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, ga jami'ar Kafin Hausa, kowace shekara suna yaye masu rubuta manhaja. Waɗannan yara su za su rubuta wa makarantunmu da asibitocinmu da ƙungiyoyin manomanmu manhajoji. Roƙona ga malamansu shi ne, ranar da za a koya wa ɗalibi yadda ake aika imel daga manhaja, a wannan ranar a sa shi ya kunna tarko, kafin ya rubuta layin farko. Ga masu ɗaukar 'yan koyon aiki kuma, ku ba su kwamfutar da ko sun so ba za ta iya kai saƙo waje ba. Ɗan koyon HBO ba shi ya kamata a tuhuma ba, wanda ya bar masa ƙofa a buɗe shi ne abin tambaya.

Na zo da Mailpit a filashi. Duk mai kwamfuta a nan, bayan an tashi ya same ni a bayan zauren nan mu ɗora ta tare, minti biyar ya isa.

  Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ko gyara ya ɗaga hannu, kuma ina so mu fara daga ɓangaren mata, don na ga tun ɗazu wata 'yar'uwa tana rubutu a can baya.